Tsanwar Lubabatu

Illela, watan Rajab, 1329 bayan Hijira

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga Maharazu ɗan Malam Ma'aruf mai zayyana, zuwa ga yayata Lubabatu, a gidan Mukhtari, Birnin Ƙwanni.

Gaisuwa da girmamawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ruwa ya sauka muku yadda ya sauka mana.

Bayan haka, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami. Baba ba shi da lafiya. Ba zan ce miki ciwon ajali ne ba, domin wannan sanin na Allah ne. Ba kuma zan ce miki zazzaɓin damina ne ba, domin ba shi ba ne. Ƙafafunsa sun kumbura, ya bar zuwa masallaci, sai dai a shimfiɗa masa buzu a zaure. Hannunsa kaɗai ciwon bai taɓa ba, kuma da shi yake aiki tun daga hantsi har la'asar.

Kin san al'adarsa, cewa kowane ɗa nasa sai ya rubuta masa Alƙur'ani da hannunsa, ya ƙawata shi da zayyana. Nawa ya ba ni ranar da zan tafi karatu Azhar, a Masar. Na ƙanwarmu Zuwaira ya bi ta ɗakin mijinta a Lafani. Yanzu yana kan na uku. Ya gama rubutun tun bara, launuka yake sawa. Bai ce naki ne ba, kin kuma san ba zai faɗa ba, tun da ke ce 'yar fari, kunya ba ta taɓa barinsa ya kama sunanki ba. Amma mu uku ya haifa, biyu sun karɓa.

Abin da ya shiga tsakaninku ina Masar ya faru, a bakin mutane na ji shi. An ce da Nasara suka kafa alamun iyaka, Ƙwanni ta faɗa hannun Faransa, Illela hannun Ingilishi, ya nemi ku kwaso ku dawo nan, don tsoron kada a ɗebi jikokinsa a kai makarantar Faransa. An ce kin ƙi raba mijinki da gidan ubansa, shi kuma ya ce a gaban jama'a, yana kallon bango, “Wadda ta zaɓi can, ta zauna can.” Ban san abin da aka ƙara ba, ban san abin da aka rage ba. Na dai san tun ranar ba ki taka zauren nan ba, alhali tafiyar hantsi ce tsakaninmu.

Ina roƙon ki ki zo.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ƙanenki mai biyayya, Maharazu.

*

Birnin Ƙwanni, ƙarshen Rajab

Daga Lubabatu zuwa ga ƙanena Maharazu, ɗan Masar. Gaisuwa mai yawa. Muna lahiya, yara na gaishe ka. Idi mai jakai ya kawo takardakka, amma sai da ya shanye mani ƙwaryar hura kahin ya tuna tana cikin hularsa.

Na karanta ta har ta yi laushi. Wai kai har yanzu auna magana kake kamar mai saida zinari? Ka cika takarda da “an ce” da “ban sani ba”. To ni na sani, ina wurin. Bango ya kalla, amma ni ya jefa, kuma ya same ni.

Ka ce, “Ina roƙon ki ki zo.” Wa ke roƙon? Kai ko shi? Na san ba shi ba ne, don bakinsa ba ya iya wa sunana. Amma Baba yana da wani baki, kuma ni na hi kowa jin shi.

Kai kana goye lokacin, ba ka tunawa. Ranar saukar karatuna, allon da ya yi mani zayyana tsanwa ce tun daga sama har ƙasa, irin tsanwar gero in ya tsiro bayan ruwan farko, wadda in ka gan ta kake jin yunwar bara ta wuce. Mata sunka ce, “Malam, ina ja? Ina rawaya?” Yac ce, “Wagga ita ta dace da mai allon.” Tun ranar, in yana nemana sai ya ce ma Inna, Allah ya jiƙanta, “Ina mai tsanwa?” Da zan tahi ɗakin miji, zaren tsanwa ya sa anka saƙa a bakin zanena. Kai naka ja ne, don kana jariri kana da ihu kamar gobara, ban san inda ka kai shi ba. Zuwaira rawaya, uwar dariya. Haka ya raba mu da launi, tun da bai iya raba mu da baki.

Don haka ka buɗe littahin ka duba. In akwai tsanwa a ciki, ko ɗigo ne kamar ƙwayar gero, to ya kira ni, in ɗaura zane in taho. In babu, ka ce mani babu. Kada ka yi mani ƙarya, ko da yake na san ko ka so ba ka iyawa. Kuma kada ka tambaye shi. Abin da anka roƙo ba kira ba ne.

Ga sassaƙe nan hannun Idi, na kumburi ne. A jiƙa a ba shi da sahe. Ba sai ka ce daga ina ya hito ba.

Ka huta lahiya. Yayarka, Lubabatu.

*

Illela, watan Sha'aban

Zuwa ga Yaya Lubabatu. Gaisuwa da ban girma. Saƙonki ya iso, ana ba shi maganin, kuma bai tambayi inda ya fito ba. Na lura dai ba ya rage komai a ƙoƙon.

Tambayarsa da kika hana ni, da ma ba zan iya ba. Yaya ɗa zai zauna gaban uba ya ɗauko masa maganar 'yar farinsa? Amma ni nake shanya masa shafukan idan ya sa launi, saboda haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, izu sittin, ban tsallake ko guda ba. Zan gaya miki abin da na gani, da abin da na ji a raina, in kuma rarrabe miki su, don kada ki ɗauki ji na a matsayin shaida.

Baƙin rubutun yana nan yadda kika san shi, a tsaye, ba ya neman a so shi. Idan na dube shi sai in gyara zama, kamar liman ya shigo.

Ja kuwa shi ne a wasulla da layukan da suka kewaye zayyana. A Masar na ga littattafan da aka yi wa ado da shuɗi da ruwan zinari. Duk wanda ya buɗe su sai ya ji ya ƙanƙance, kamar mutum shi kaɗai a fili sama ta rufe shi. Suna sa tsoron Allah, amma ba su ba baƙo wurin zama. Idan na koma masaukina na buɗe wanda Baba ya yi mini, jansa ba na jini ba ne, na garwashi ne da aka rufa wa toka, sai in ji kamar ina bakin murhun Inna. Sau da yawa rufe shi nake yi, domin kewa tana hana karatu. Da na dawo gida Baba ya karɓe shi, ya daɗe yana ɗaga shafukansa ga haske, ya mayar mini. Jan da ke cikin wannan sabon ya fi nawa duhu, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na ga baƙin ciki a cikinsa, amma ba zan rantse cewa nasa ne ba nawa ba.

Rawaya tana ƙarshen ayoyi, inda mai karatu yake jan numfashi. Ita kaɗai ce ke sa ni murmushi. Tana kama da hasken hantsi a jikin katanga, lokacin da babu wanda ya ɓata wa wani rai tukuna.

Yanzu ga abin da kika tambaya. Babu tsanwa. Na duba zayyanar kowane rubu'i, na duba alamun sujada. Wuraren da aka saba cikawa da ita ya bar su farar takarda. Har ɗigon nan da ake yi da tsanwa a kan alif, da'ira kawai ya zana, ya bar cikinta wayam.

Na so in tsaya nan, amma adalci ya sa in ƙara abu guda. Kaskon da yake dama tsanwa a ciki ya bushe ƙaf. Kin san daga tsatsar tagulla ake samun ta, kuma fataken arewa da ke kawo mai kyau sun rage biyowa ta nan tun da aka tsaga iyaka. Mai yiwuwa rashi ne, ba ƙi ba. Ban ce haka ne ba. Na ce mai yiwuwa.

Allah ya sanyaya zukata. Ƙanenki, Maharazu.

*

Birnin Ƙwanni, tsakiyar Sha'aban

Maharazu, gaisuwa. Na ji bayanin liman da garwashi da katanga. Lalle Masar ta koya maka zagaye. Kalma guda na nema, ta zo a ƙarshe kamar amarya.

To, tun da ka ce mai yiwuwa, bari mu kashe “mai yiwuwa”. Na aiki Mukhtari kasuwa wajen wani Buzu mutumin Agadas, yas samo mani tsanwar da ba a samun irinta ko a Sakkwato. Sai da Mukhtari yac ce mani, “Ke, wai zanen gida za ki koma?” Nic ce mashi ya kama bakinsa.

Ga ta nan. Ƙyallen da na ƙulle ta a ciki daga bakin zanen aurena na yage shi, zai gane zarensa. Ka aje a gabansa, kada ka ce komi, ka koma gehe ka buɗe idon nan naka da ba ya ƙarya. In ya tsoma alƙalami a cikinta, ko kahin ta bushe ka turo Idi. Na riga na wanke zane, na daka garin kunun azumi da zan taho mashi da shi.

Sai na ji ka. Lubabatu.

*

Illela, watan Azumi

Zuwa ga Yaya Lubabatu. Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Na jinkirta amsa ne don ina fatan abin da zan rubuta ya sauya. Bai sauya ba.

Na ajiye ƙullin a gabansa kamar yadda kika ce. Ya dubi ƙyallen tun kafin ya taɓa shi. Ya kwance, ya kai garin hancinsa, ya murza kaɗan tsakanin yatsunsa. Sa'an nan ya ce, ba da ni yake ba, “Mai kyau ce. Amma wannan ba ta shiga littafin nan.” Ya ƙulle, ya tura ƙarƙashin buzu, ya ci gaba da sa rawaya.

Akwai saura, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Ranar kasuwa, Yari baduku, mutumin Tozai da ke ɗinka masa kayan fata, ya zo gaishe shi. Baba ya aike ni cikin gida in karɓo wa baƙo tabarma, alhali ga tabarma a zaure. Da na dawo, na ga garin tsanwar nan a hannun Yari, yana zuba shi cikin burgamensa, jakarsa ta fata. Suna ganina suka shiga zancen tsadar akuya.

Wannan shi ne abin da idona ya gani. Ma'anarsa ban sani ba, kuma ina roƙon kada ki yi mata saurin fassara. Launi yana motsa zuciya, amma ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci.

Littafin ya kammala. Tun da ya ajiye alƙalami jikinsa ya saki, yanzu sai an tayar da shi. Duk ranar kasuwa yakan tambaye ni ko mutanen arewa sun shigo lafiya. Ban san ko wannan kira ne ba. Ni dai ina sake cewa ki zo, da tsanwa ko babu.

Allah ya karɓi ibadarmu. Ƙanenki, Maharazu.

*

Birnin Ƙwanni, bayan ƙaramar Salla

Maharazu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Idi ya iso da labarin rasuwar ina tankaɗe, ban san sa'ad da rariya ta faɗi ba. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu haƙuri.

Ka ga Mukhtari ya zo a madadina. Ni a nan na zauna anka yi mani gaisuwa. Na san mata sun yi da ni, su yi. Zauren da anka hana ni da rai, ban iya shigarsa da mutuwa.

Na aika mashi da kaina ƙulle a ƙyalle, ya ba baduku a yi ma wani takalmi da ni. Duk da haka na yahe mashi, Allah ne shaida. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne ban san ko shi ya yahe mani ba. Littahin ka riƙe, ko ka kai masallaci.

Ka gaida Zuwaira. Lubabatu.

*

Illela, watan Zulƙida

Zuwa ga Yaya Lubabatu. Gaisuwa, da ƙarin haƙuri. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jiya da hantsi Yari baduku ya yi sallama. Ya rame, ashe tun tsakiyar azumi zazzaɓi ya kwantar da shi a Tozai, ko gaisuwar rasuwa bai samu zuwa ba. Ya zauna inda buzun Baba yake a da, ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti. Sa'an nan ya kwance wani tsumma, ya ajiye gafaka, jakar fata ta sa littafi, a gabana.

Yaya, tsanwa ce gaba ɗayanta. Ba ja, ba rawaya, ba ko ɗinkin wani launi. Zauren nan ya daɗe da duhu a idona, sai na ji kamar an buɗe ƙofa ga gona.

Na ce, “Baba Yari, ta wa ce?”

Ya ce, “Kai ɗan nan, da karatunka duka? Ta littahin ce mana. Ni dai na makara, Allah ya yahe mani. Malam ya ce in yi sauri, ciwo ya ce in kwanta.”

Na nemi ya faɗa mini maganar Baba yadda ya ji ta, kada ya gyara. Ga ta. Ya ce masa, “Yari, tsanwa cin takarda take yi. Shekarun farko ta yi kyau, sannan ta ƙone wurin ta bar rami. Ban sani ba sai da yaron nan ya dawo da nasa daga Masar, na ɗaga ga haske na gani. Wanga littahi mai shi za ta bar ma jikokinta, ba ni sa mata abin da zai cinye shi. Amma fata tana riƙe ta. Ka yi mani gafaka, tsanwa duka. Wagga da anka aiko kuwa, ka sa ta ga marfi da maratayi, inda hannu ke taɓawa kullum. In ka gama, a sa littahin a ciki a ƙetara da shi, mai shi za ta gane.” Yari ya ce ya tsokane shi, ya ce, “Malam, wai wace ce mai shi, ba ta da suna?” Sai Baba ya juya ya kalli bango ya ce, “Mai tsanwa.”

Bayan tafiyarsa na ɗauko nawa na ɗaga ga haske. Kowane ɗigon tsanwa ya ƙone ta baya, wasu har sun huda, rana tana shigowa ta ciki. Na kuma san wannan abu, Yaya. Na ga tsofaffin littattafai a Masar da ramuka a gurbin ganyen ado, har an gaya mini dalili. Sanin yana kaina, bai sauko inda ake bukatarsa ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, domin ban fahimce shi ba sai jiya. Da muka zo yi masa wanka, mun sami ƙyallen zanenki a naɗe cikin hularsa.

Na sake bin abin da na rubuta miki a raina. Ban sami ƙarya ko ɗaya ba, ban kuma ga amfanin da hakan ya yi mana ba. Shi kunya ta hana shi faɗa, ke zuciya ta hana ki tambaya, ni kuma da nake tsakani na tsaya ina auna kalmomi har lokaci ya ƙare.

Na sa littafin a gafakarsa. Ga shi nan hannun Idi, na ce ya rungume shi a ƙirji, kada ya ɗora wa jaki.

Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Ƙanenki, Maharazu.

*

Birnin Ƙwanni, Zulƙida

Maharazu, ƙanena. Saƙo ya iso.

Ban buɗe littahin ba tukuna. Na dai riƙe maratayin tun da Idi ya miƙo mani. Rinin sabo ne, bai gama kamawa ba, tahin hannuna duk ya yi tsanwa. Na yi alwalar azahar, tsanwar ta hita. Na sake riƙewa ta dawo.

Ran kasuwa ina tahe. Ka jira ni bakin zaure, don ban san ko ƙahwata za ta iya shiga ita kaɗai ba. Daga nan ka kai ni inda yake. Kada ka shirya mani wata magana, ka dai tsaya kusa.

Garin kunun da na daka mashi yana nan. Zan taho da shi a yi sadaka.

Yayarka, mai tsanwa.